Yaron Haya

Mai wanki ta kwantar da yaron a kan katifar Auta, ta gyara masa wuyan riga, ta ja da baya tana dubawa. Rigar ta ɗan yi masa yawa, amma da wuya wani ya lura.

Auta ɗanta ne, wanda tun haihuwarsa bai taɓa zama ba, bai taɓa magana ba. Saboda shi ofishin tallafi ke ba ta ɗan kuɗi duk wata, da su take biyan hayar ɗaki, take ciyar da yayyensa mata biyu. Da Auta ya rasu ta yi kukanta ta share hawaye, amma ƙafarta ba ta taka ofis ba. Kwatsam sai ga saƙo: masu tantancewa za su zo gida su ga yaro da idonsu. In babu yaro babu kuɗi, wataƙila ma har da 'yan sanda.

Wata maƙwabciya ce ta nuna mata hanya. A bayan kasuwa akwai tsohuwa mai raino, wadda iyaye masu zuwa aiki ke bar wa irin waɗannan yara daga safe har yamma, suna biyanta da tsada saboda ta iya riƙe sirri. Abin da iyayen ba su sani ba shi ne tsohuwar tudu biyu take ci. Da zarar sun juya baya, sai ta ba da hayar yaran ga duk mai buƙata.

"Zaɓi wanda ya yi miki," in ji tsohuwar, kamar mai sayar da kaji. "Ɗauki wancan, ba ya kuka, na ɗura masa maganin tari. Ki dawo min da shi kafin a tashi daga aiki."

Mai wanki ba ta ji tsoron hoton da ke ofis ba. Tun Auta yana jariri aka ɗauki hoton, kuma ta daɗe da sanin cewa ba mai tsayawa ya kalli fuskar irin waɗannan yara.

Su biyu suka zo. Babban jami'i, mutum mai tumbi, ya toge a bakin ƙofa yana toshe hanci da hankici. Mataimakiyarsa, mace tsaf-tsaf mai ƙamshin turare, ita ce ta shiga. Tana ɗora ido a kan katifa ta tsaya cak.

Mai wanki ta dube ta. Ta ce a ranta shi ke nan, asiri ya tonu.

Yaron da tun safe yake kwance kamar tsumma sai ya buɗe ido. Ya hau wutsil-wutsil da ƙafa, yana gurnani, yana miƙa hannu.

"Akwai shi da son baƙi, ranki ya daɗe," in ji mai wanki, ta yi wuf ta sungume shi.

"Ba haka ake ɗaukarsa ba," in ji jami'ar, ba tare da ta dube shi ba. "Ki tallafi kansa ta hagu."

Babban jami'i ya kwashe da dariya. "Ke da ba ki taɓa haihuwa ba, ina kika koyi raino? Ni fa duk gidan da aka haifi irin wannan, ba na barin nawa ya nemi aure a can. Abin a jini yake. Shi ya sa na ce wa ƙanena ya yi sa'a da zai aure ki, mace lafiyayya."

Jami'ar ta taya shi dariya.

Ta matso tana tambayoyinta cikin sauri. Ya ci abinci yau? Me aka ba shi idonsa ya yi ja haka? Mai wanki tana ta jera ƙarya, yaron kuwa ya samu ya damƙi gefen mayafin jami'ar, ya riƙe gam. Ita kuma ta sa hannu ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ya fasa ihu har jijiyar wuyansa ta tashi.

"Riƙe ɗanki, baiwar Allah," ta ce, ta juya ga shugabanta. "Na gani, ya cancanta. A ci gaba da biya."

Suka fita. Mai wanki ta zube a ƙasa don murna, ɗaki ya tsira, abincin 'ya'yanta ya tsira. Duk da haka sai da ta ja tsaki. Ita da ta yi hayar yaron ma ta ji tausayinsa, amma waccan mai turaren ko a jikinta. Wasu matan dai dutse aka sa musu a ƙirji.

Yaron bai daina kuka ba. Ta jijjiga, ta rarrasa, ta goya shi, duk a banza, har muryarsa ta dushe. Tana tsoron ratsa kasuwa da shi yana ihu, sai ta jira ya gaji don kansa. Kafin ta isa gidan raino an daɗe da tashi daga aiki.

Tsohuwar tana tsaye a bakin ƙofa. Da hannu kawai ta nuna mata ciki.

Sauran yaran duk an kwashe su. Mace ɗaya ce zaune a ƙasa, ta cire takalmanta, ta kifa kai a gwiwa. Jin motsi ta ɗago, idanunta sun kumbura don kuka. Jami'ar ce. Ta miƙo hannu biyu, ta ce, "Ba ni ɗana."