Famfon Alhaji Barau

Tun da aka daina buɗe famfo da hannu, ɗan aiken da ke cikin wayar mutum ne ke buɗe masa. Shi kuwa ba ya taɓa na'ura sai ya karanta bayaninta ya gane amfaninta. Duba irin wannan bayani ne aikin Uwani, shi ya kawo ta sabuwar rijiyar burtsatsen Tudun Maƙera, inda mata suka jera bokitai, ba ko ɗigo.

Ta karanta bayanin famfon har ƙarshe, ta dubi shugaban kwamitin rijiyar.

"Malam Tanimu, wa ya rubuta wannan?"

"Mu ne," in ji shi, yana gyara hula.

"Na ga godiya ga Alhaji Barau da ya haƙa rijiyar, na ga addu'a ga iyayensa, har surukinsa na gani. A ina aka ce famfon yana ba da ruwa?"

"Haba Hajiya, wa bai san famfo na ba da ruwa ba?"

"Wanda zai buɗe shi. Ku rage godiyar, ku rubuta hakan."

"Ai wurin rubutun ya cika. Sunan wa za mu cire? Ke za ki je ki gaya wa Alhaji?"

Uwani ta ja tsaki. Wata tsohuwa a gaban layi ta kai waya bakinta, murya a dashe.

"Ɗan nan, ƙishi nake ji."

"Babu ruwa a nan kusa, Iya," in ji wayar cikin ladabi. "Amma akwai wurin gode wa Alhaji Barau. In gode masa?"