Ɗakin Kwanan Haliru

Haliru na hango mata biyu sun sauko daga mota da tef ɗin awo, ya cire agogonsa ya cusa a aljihu. Ana ta faɗi a Gehuru cewa ma'aikatan ƙididdigar gidaje na zagayawa, wai duk wanda gidansa ya lalace za a ba shi kwanon rufi.

"Kai ne Haliru?" in ji babbar. "Ɗaki munka zo gani."

Ya wuce da su ta gaban sabon gininsa mai sola, ko kallonsa bai yi ba. Ya kai su bukkar da yake ajiye albasa.

"Nan nika kwana, Hajiya."

Ta toshe hanci da mayafi. "Nan?"

"In ana ruwa, a tsaye nika barci. Ni da ɓeraye mun zama 'yan uwa."

"Wancan ginin fa?"

"Na maƙwabci ne, wani marowaci."

Ƙaramar ta naɗe tef ɗinta ba ta auna komai ba. Haliru ya bi su har mota yana roƙo.

"Don Allah ku faɗi abin da kunka gani, kada ku rage komi."

"Ba za mu rage ba," in ji babbar. "Mu ne gwaggonnin Bushira da za ka aura, daga Maiyama. Wurin gadon amarya munka zo aunawa."

Motar na tashi, ya juya. Ga innarsa a ƙofar sabon ginin, tana nuna wa ainihin ma'aikaciyar ƙididdiga firij da fanka.