Ta Biyu Cikin Biyu

Su biyu kacal aka saki a kan ƙanƙarar, kuma 'yata ce ta zo ta biyu.

Na kife wayar a kan kwandon tumatir. Direbobin kasuwar Abu Hamour ta nan ƙasar Larabawa da na tara don kallon gasar tseren kan ƙanƙara ta duniya suka soma sulalewa. Wani ya dafa kafaɗata ya ce, "Khalas, shi ke nan, Malam, sai haƙuri."

Yarinyar da na riƙe wa hannu a titin bakin teku na Corniche tana koyon gudu da takalmin taya, shekara shida tana shan sanyin ƙasar mutane, ga shi ta zo ta ƙarshe.

Bayan la'asar ta kira ni ta bidiyo, tana dariya.

Na ce, "Mamana, kada ki damu, wata rana..."

"Baba, kashe wayar ka yi ko? Mu ashirin ne, bibbiyu ake sakinmu, agogo ke raba gardama. Duk duniya mutum ɗaya ce ta fi ni sauri yau, ita ce ka gani a gabana."

Ta ɗago lambar azurfar da ke wuyanta.

Na bi layin motoci da gudu, waya a sama, ina neman waɗanda suka yi mini jaje.