Littafin Kyauta a Wayar Sagiru

"Baban Nurain, ara mini wayarka, data ɗina ta ƙare," in ji Nazifa.

Sagiru ya miƙa mata ya shige wanka.

Tun da ƴan bindiga suka tare mahaifinta a hanyar Babban Duhu suka harbe shi, ta kasa natsuwa. Wata malama abokiyar aikinta a Batsari ce ta nuna mata shafin da ake sauke tsofaffin littattafan binciken kisa kyauta, ko za su ɗauke mata hankali.

Tana cikin saukewa kira ya shigo. An ajiye lambar da sunan Mai Taki. Ta ɗauka don ta ce ba ya kusa, amma mutumin bai jira sallama ba.

"Sagiru, yadda ka nuna mana hanyar surukinka, haka muke so ranar Alhamis. Wa zai fito da shanu?"

Ta kashe.

Sagiru ya fito yana goge kai. "Kin samu littafin?"

"Na samu," ta ce, tana laluben mayafinta. "Har na san wanda ya yi kisan."