Hannun da Ya Fita Daga Kwano

Maliki tela ne, amma ba shi da keke. A rumfar Malam Balarabe yake ɗinki cikin kasuwar Kaduna, a kan keken mai rumfa, abin da aka samu a raba. Daga wani ƙauye na ƙasar Zazzau ya zo, ba mata, ba dangi a gari, sai ɗan ɗakin da ya kama can Rafin Guza don arha. Burinsa ɗaya ne: ya sayi keke nasa na kansa, ya ɗauko mahaifiyarsa daga ƙauye.

To, layin teloli suna da al'ada. Da an idar da azahar sai a shimfiɗa tabarma a yi ciyayya. Mai iyali a aiko masa da kwano daga gida, gwauro kuma ya ba Indo mai tuwo taro ta zuba masa, a haɗa kwanuka a tsakiya kowa ya sa hannu. Duk ranar da ba a ga hannun wani a kwano ba, kafin la'asar an je an dubo shi.

Wata rana Maliki ya yi nazari. Taro kullum! Ga masu wucewa, da an ce musu bismilla sai su durƙusa su kai loma. Ai garin rogo da ƙuli-ƙuli na kwabo ma sun kashe yunwa, saura ya shiga asusu.

"Maliki, bismilla," in ji Malam Balarabe.

"Alhamdu lillahi, Malam, a ƙoshe nake."

Kashegari ya ce azumi yake yi. Idris, telan rumfar da ke kusa, ya bushe da dariya. "Azumin Laraba kuma? Lallai mun yi waliyyi a layin nan!"

Shi kuwa sai ya zagaya bayan rumfa, ya jiƙa garinsa a gwangwani, ya juya wa duniya baya, yana ci da sauri kamar wanda ya sato. Yana jin hirarsu, yana jin ƙamshin miyar kuka. Wallahi abin yana ci masa rai, don babu kaɗaici irin na mai cin abinci yana jiyo dariyar mutane. Amma sai ya tuna keke ya haɗiye.

Indo ta tare shi rannan. "Ɗan nan, ka ga wuyanka kuwa? Kawo ko kwabo ne in zuba maka, ka zauna cikin 'yan'uwanka. Da ruwan ciki ake jan na rijiya."

"Inna, bari dai in sayi keken. Zan dawo."

Ko ɗakinsa bai taɓa nuna wa kowa ba, kada baƙo ya faɗo masa lokacin cin abinci. Mutum kuwa in ka yi ta ce masa bismilla yana kau da kai, wata rana bakinka zai gaji. Haka aka daina kiransa.

Bayan Sallah ɗinki ya ja baya. Teloli kan fito ne kawai don hira da ciyayya, Maliki kuwa tunda ba aiki sai ya zauna a ɗaki. A lokacin ne zazzaɓin damina ya kama shi, ya tarar da jikin da ba kome a ciki sai gari da ruwa. Ya kayar da shi warwas.

A makon nan Idris ma ya yi ciwon kai, bai fito ba. Aka ɗebi tuwo a kwano, mutum uku suka kai masa har gida. Maliki fa? Wani ya ce, "Ai ka san shi, in ba aiki ba ya leƙowa. Ƙila ma ya tafi ƙauye." Aka ci gaba da ci. Wa zai lura babu hannun da tun da ma ba ya cikin kwano?

Indo ce hankalinta bai kwanta ba. "Malam, yaron nan ba zai tafi bai yi maka sallama ba. Don Allah a nemo shi."

Malam Balarabe da Idris suka bi Rafin Guza gida-gida suna tambaya, da ƙyar aka nuna musu ɗakin. Suka same shi kwance a tabarma, leɓe ya bushe, ga gari a gwangwani ya kasa tashi ya ɗebo ruwan jiƙawa. Ya buɗe ido ya dube su.

"Malam," ya ce a hankali, "yau me Inna Indo ta dafa?"

Idris ya fashe da kuka. Suka ɗauke shi zuwa asibiti, amma kafin a kai, rai ya yi halinsa.

Asusun na nan a ƙarƙashin tabarma, saura kaɗan ya isa keke. Aka kai wa mahaifiyarsa. Tsohuwa ta ce a ɗiba a yi masa sadaka a inda ya yi zama. Indo ta dafa tuwon shinkafa da miyar nama tana share hawaye da bakin zane, aka shimfiɗa tabarmar nan ta layin teloli, har masu wucewa suka ci suka ƙoshi. Abincin ranan da Maliki ya hana kansa ne wata da watanni, kowa ya ci ban da shi.

Jama'a, tattali abu ne mai kyau, amma kada garin neman gira a rasa ido. Ka rage cefane in ya kama, kada ka rage wa jikinka haƙƙinsa, kuma kada ka cire hannunka daga kwanon mutane, don waɗanda kuke ci tare su ne za su fara cewa, "Ina wane?"