Munduwar Tallafi

Tun da gwamnati ta koma raba tallafin tsadar rayuwa ta cikin munduwa, bakin mutane ya mutu a kasuwa. Duk wanda ya karɓa ana ɗaura masa ita a hannu, in ya yi kukan tsada sai ta yi ƙara ta zaftare masa wani abu.

Da safe Lantana mai tuwon sayarwa ta zo awon masara, da tata munduwar a hannu. Tanimu mai hatsi ya faɗa mata kuɗin tiya yana murmushin dole.

"Jiya ba haka ka auna mini ba," in ji ta.

"Inna, a hankali," ya ce, yana nuna hannunta. "Ki yi godiya kawai."

"Allah nake gode wa, ba ƙarfe ba. Masara ta yi tsada!"

Munduwar ta yi ƙara, ta koma ja. Da tallafin nan Lantana take saya wa jikanta magani. Duk da haka ta ɗaga hannun sama kowa ya gani.

"Manja ya yi tsada! Gishiri ma haka! Ku kwashe sauran, ba zan yi shiru ba!"

Tanimu ya share gumi, ya dubi tasa munduwar. "Wallahi Inna, taki ma ya gagare mu."

Tasa ta yi ƙara. Wata ta amsa daga layin mahauta, sai kasuwa ta ɗauka gaba ɗaya.

Lantana ta tafi gida da rabin tiya da munduwa babu ko sisi, tana tafe tana tsayar da mutane tana gaya musu kuɗin masara.