Ranar da Sista Ta Kira Ni Mage

Ranar Alhamis ce, bayan la'asar, muna tsaye a barandar makarantar mishan: ni, da mahaifina, da Sista, malamarmu ta lissafi, 'yar ƙasar Ailan. Baba ya zo ne ya cire ni daga makarantar. Da safe na ƙi barin allo sai da na warware lissafin da ya gagari aji, Sista kuwa ta ce, "Lallai wannan mage ce!" Na koma gida da kuka, domin a garinmu ɓarauniya ake kira mage.

"Sista," in ji Baba, ko zama bai yi ba, "kifin wa 'yata ta sata?"

Sista ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta dafa ƙirjinta da hannu duk alli, ta ce, "Malam, ai ni ma mage ce. Haka ake kiran mutanen lardinmu, domin idan muka kama abu, ba ma saki."

Baba ya shafa gemu. "To, in haka ne, gado ta yi. Ki zo ki ga uwarta a kasuwa."

Yau na tsufa a Rusaifa, nan Makka, cikin jikokin da suke ce wa mage bissa da Larabci, ina gyara musu Hausa ba sassauci. Amma ban taɓa tuna shatin yatsun nan na alli a kan shuɗiyar rigar Sista ban yi murmushi ba.

Baba bai cire ni ba. A makarantar na gama.